Faɗuwar Dodon Roba

Longji mutum ne mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Duk wanda ya taɓa zuwa sujada a ƙaramin cocin 'yan arewa da ke bayan Gate City Boulevard ya san shi, don shi ne dikin, wato mai hidimar coci, da ke tsayawa a ƙofa yana nuna wa baƙi wurin zama. Gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasawa, jan ƙafar yake yi kamar mai jan buhu. Yawancin mutane sun ɗauka a sito ya samu raunin, can Wendover inda ya yi shekaru yana lodin kwalaye. Ba can ba ne. A wata gonar dawakai ya same shi, a Summerfield, yana cikin rigar dodo.

An haife shi a wani ƙauye a kan duwatsun Filato. A garinsu in ruwan farko ya sauka, dodo yakan fito daga kurmi ya zagaya gari kafin a yi shuka. Mata da yara an gaya musu kakanni ne suka tashi. Maza sun san mutum ne a cikin rigar ganye da zaren rama, amma ko a cikin maye ba mai faɗa. Wanda ya shiga rigar ya bar sunansa a waje. Ko uwarsa ce ta kira shi ba zai waiga ba, ko ƙaya ta shige shi ba zai yi kuka da muryar mutum ba. Abin da ya fi komai nauyi shi ne faɗuwa. Dodo ba ya faɗuwa a gaban mata, kuma wanda ya faɗi da shi, in ji manya, ba zai ci sabuwar dawa ba.

Longji yana saurayi ya ga abin da idonsa. Yayansa Nanven ne ke ɗauke da dodo a shekarar, ƙato mai yawan dariya, wanda ke saɓa ɗan maraƙi shi kaɗai. Ana tsakiyar rawa a dandali ƙafarsa ta zame a kan jiƙaƙƙen dutse, ya tafi gaba ɗaya, kan dodon ya goce har kunnensa da kumatunsa suka bayyana. Wata yarinya ta ce, "Ai Nanven ne." Ganga ta mutu. Maza suka zaro tsumagu suka auka wa mata da yara, suna zabga musu ta ko'ina, a fuska, a ƙirji, a gadon baya, har dandalin ya zama ba kowa sai fasassun ƙorai da takalma wari-wari. Nanven ya yi noman daminar nan kamar kowa, sai dai ya daina dariya. Dawa ta fitar da kai, ba ta kai ga nuna ba, aka tsince shi wata safiya a gindin dutse, ƙeyarsa a farfashe, haƙarƙarinsa a lotse. Manya suka ce dodo ya karɓi abinsa. Longji na cikin waɗanda suka ɗauko gawar. Shi ya riƙe wajen kai, kuma abin da ya zubo masa a riga ba jini kaɗai ba ne.

Da ruwa ya sake zagayowa, ƙanen ubansu, wanda suke kira Baba Ƙarami, ya kai shi kurmi ya sa masa rigar, don ɗaukar dodo gadon gidansu ne. Longji ya yi shekaru yana ɗaukar dodo, ya tsula wa mutane bulala, bai taɓa ko tuntuɓe ba. Daga baya ya tafi Jos neman aiki, ya ji wa'azi, aka yi masa baftisma, ya auri Christy. Sunanta ne ya fito a cacar biza, suka tattara suka zo Greensboro da 'yarsu Ƙauna a goye. Ita ta samu aikin kula da tsofaffi, shi ya shiga sito. Zancen kurmi bai taɓa yi wa matarsa ba. A ganinsa ruwan baftisma ya riga ya tafi da shi.

Abu ɗaya ne ke zaunar da shi gaban talabijin. Akwai tashar da ran Asabar da rana take jera finafinan dodanni, irin waɗanda ake yi cikin gaggawa da ƙaramin jari, don talabijin kawai, ba sa ganin ƙofar silima. Labarin kusan ɗaya ne kullum. Masu haƙar ma'adinai ko masu saran daji za su tono wani abu da ya kwanta tun zamanin tatsuniya, maciji mai fukafukai ko ƙadangare mai aman wuta, ya tashi ya bi 'yan wani ƙaramin gari yana cire musu kai. Ɗan sanda zai ƙi yarda har sai an cinye mataimakinsa. Wani tsohon mashayi zai ce ai kakansa ya sha faɗa. Longji yakan zauna da kwanon gyaɗa, bai damu da 'yan wasan ba, ƙafafun dodon yake kallo.

"Wannan ba shi da nauyi," yakan ce. "Dubi, ya taka ciyawa ba ta kwanta ba. Kwamfuta ce."

"Baban Ƙauna, dikin guda," in ji Christy. "Kana kallon ana yagar mutane kamar kilishi, gobe kuma ka tsaya ƙofar coci kana murmushi."

"Jinin zoɓo ne, Maman Ƙauna."

Maƙwabcinsu Mamane, mutumin Maraɗi mai motar jan motocin da suka lalace, shi ya kawo zancen aikin, wata rana a tsakiyar zafin Yuli.

"Dikin, tashi ka sa takalmi. Na samo maka aikin da ya dace da fuskarka."

"Wane aiki kuma, Malam Mamane?"

"Irin abin da kake kallon nan. Suna yin ɗaya a Summerfield. Na kai musu matacciyar mota da za su ƙona, sai patron ɗin, shugabar aikin, mace ce ma, ta ce in tsaya a cinye ni. Wanda ke shiga rigar dodon zafi ya sumar da shi jiya, ya ce shi da wurin har abada. Suna neman ƙato wanda ba ya surutu. Na ce voilà, ina da ɗaya a ƙofa ta gaba."

Longji ya ɗauki hutu a sito ya bi shi. Gonar tana da rumfar dawakai, da farin shinge, da wani tafki mai taɓo a bakin daji. Wani ƙaramin kamfani ne daga wata jiha ya yi hayarta. Shugabar aikin siririyar mace ce mai dasasshiyar murya, kowa Darakta yake ce mata. Ta yi masa bayani da Turanci cewa dabbar daga tsofaffin tatsuniyoyin Turawa take: ƙafa biyu, fukafukai a madadin hannu, dogon wuya, wutsiya mai dafi. Inda za ta tashi sama kwamfuta za ta yi daga baya, amma inda za ta kama mutum kusa-kusa dole sai roba. Rigar tana rataye a rumfa, koriya, an fafface ta a hammata. A cikin kowane fiffike akwai bututun ƙarfe da mai sawa zai riƙe.

Da suka ja masa zif suka ɗora masa kan, suka liƙe wuyan da gam, duniya ta koma 'yar tagar raga a maƙogwaron dodon. Numfashinsa na dawo masa da zafi. Yana jin warin zufar wani. Sai shekarun nan duka suka zube kamar ba a yi su ba. Harshensa ya kwanta a baki, gwiwoyinsa suka ɗan lanƙwashe, ƙafar dama ta daki ƙasa sau biyu, ta hagu ta ja, kafaɗu suka karkaɗa. Takun kurmi ne, bai kira shi ba, da kansa ya zo. Dawakan da ke bayan shinge suka watse. Darakta ta cire hularta ta ce wa Mamane, "Ina ka samo wannan?"

Matsalar kawai ita ce in yana ciki ba ya amsawa. A kira Longji shiru, a kira Mista shiru. Mamane ya ce cikin raha, "Ku kira shi Dodo, haka muke ce wa irin wannan da Hausa." Shi dodon tatsuniya yake nufi, mai tsare bakin rafi yana haɗiye 'yan mata, wanda kakarsa ke tsorata su da shi a Maraɗi. Bai san kalmar tana da wani gida ba. Darakta ta ɗaga lasifika ta ce, "Dodo." Kan robar ya juyo a hankali. Kowa ya yi dariya, suna ya bi shi.

Kwanakin farko sun yi daɗi. Ya fasa ƙofar rumfa, ya jawo wani manomi ta ƙafa, ya tumurmushe shi a cikin ciyawa ana fesa jan ruwa mai danƙo daga bututu. Jinin na sikari ne da kala, tururuwa da ƙudaje suka yi biki. Ba su da isassun fitilu, saboda haka da rana tsaka suke ɗaukar abin da za a ce dare ne, su ce a kwamfuta za a duhunta. Ba su da isassun mutane kuma, sai Mamane ya mutu sau uku. Da farko yana mai gadi, aka tsinke masa hannun roba. Sannan aka sa masa hula da gemu ya zama masunci, wutsiya ta huda masa ciki, hanjin tsiran alade ya zubo, ya ce musu in sun sake ɗora masa wannan ƙazanta zai tafi gida. Na uku bayansa kawai aka nuna.

Ranar ƙarshe suna karyawa Darakta ta dafa kafaɗar Longji ta ce, "Yau za ka mutu." Ta nuna masa wurin. Jarumin fim ɗin, wani tsohon ɗan kokawa mai jan wuya wanda Mamane ya laƙaba wa Mai Gatari, zai sare shi a wuya, ya yi tangaɗi, ya faɗi cikin taɓo a gaban jarumar. Longji ya ɗaga kai ya duba. Ga Darakta, ga jarumar, ga mai kwalliya, ga mai raba abinci. Ya ce wa kansa roba ce wannan, ba ganye ba, nan Amurka ce, shi kuma dikin ne. Ya sunkuyar da kai ya yi gajeriyar addu'a, ya ce, "To."

Aka rufe shi. Aka ce akshan. Gatarin soso ya sauka a wuyansa, bututun jini ya fashe, ya yi tangaɗi yadda aka ce, ya karkata, ya saki jiki. Ƙafar hagu ta yi wuf ta fita ta tokare shi. Ya umarce ta ta janye, ta ƙi.

"Kat. Dodo, faɗuwa za ka yi. Ƙasa. Mu sake."

Aka wanke shi da tiyo, aka sake cika bututu, aka sake sara. Ƙafar ta sake tokarewa. Aka yi ta yi, rana na karkata, jini na ƙarewa a jarka, hayar gonar kuma ranar take cika. Cire kan da sake liƙa shi aiki ne mai cin lokaci, ba wanda ya kawo zancen. Mamane ya zo ya kafa baki a ragar.

"Dikin, faɗi mana. Ni sau uku na mutu, ga ni ina shan lemo. Longji? Kana ji na?"

Yana jin sa. Yana so ya ce a cire masa kan ya yi bayani, amma harshen na kwance kamar ba nasa ba. Ta ragar yana ganin takalman jarumar, a bayansu kuma yana ganin kunnen Nanven.

Mai Gatari ya ɗauka raini ne. Zufa ta wanke masa kwalliya, yana ta zage-zage, ya kai wani sara da haushi har gatarin soso ya karye biyu. Wanda ya rage shi ne na gaske, mai ƙotar itace, wanda aka dasashe bakinsa don ɗaukar hoto kusa. Darakta ta ce ya riƙa wucewa da shi ta gefe, kada ya taɓa. Aka ce akshan. Mutumin ya taho da gudu ya bangaje shi da kafaɗa, irin ta 'yan kokawa. Longji ya ja baya taku ɗaya ya kafe. Mai Gatari ya juya ƙotar ya nausa masa a haƙarƙari, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. A ta ukun Longji ya ji wani abu ya ce ƙas a cikinsa, numfashi ya zama wuƙa.

A garinsu wanda ya ɗaga wa dodo hannu ba ya komawa gida da ƙafarsa. Hannun Longji bai manta ba. Fiffiken dama ya tashi ya zagayo da dukan nauyinsa, bututun ƙarfen ya sami Mai Gatari a baki. Ƙato ya tafi da baya ya zauna a taɓo. Leɓensa na sama ya tsage har hanci, ya tofar da haƙora a tafin hannu, jini na gaske ya bi ta kan na sikari, ya fi shi duhu. Jarumar ta kurma ihu, wannan karon ba na wasa ba. Mai kyamara ya ɗago kai, Darakta ta danne masa kafaɗa ta ce, "Ci gaba da ɗauka."

Mai Gatari ya miƙe. Ya juya gatarin ta ƙeya, ya riƙe da hannu biyu, ya saukar da shi a gefen gwiwar Longji ta hagu. Har masu tsaye a bakin shinge sun ji ƙarar, kamar an karya busasshen icce. Ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa. Longji ya tsaya a kan ɗaya, fukafukai a buɗe, yana rawa kamar bishiyar da aka ci rabinta, kuma ko uhum bai ce ba. Mutumin ya sake kai duka a wuri ɗaya. Dodo ya faɗi, da fuska, a cikin taɓo, a gaban takalman jarumar.

Mai Gatari ya hau shi da shuri. Mamane ya daka tsalle ya maƙale masa a wuya, ya sha gwiwar hannu a hanci, sai da maza huɗu suka taru kafin a janye shi. Darakta da mai kwalliya suka durƙusa suka yanke gam ɗin da almakashi, suka fizge kan. Iska ta bugi fuskar Longji. Ya buɗe ido ya ga fuskokin mata sun yi masa rumfa, ɗaya na zuba masa ruwa, ɗaya na kiran sunansa. Ya jawo fiffiken ya rufe fuskarsa yana maimaita wata magana da yarensu. Mamane, jini na zuba daga hancinsa, ya ce, "Me kake cewa, ɗan'uwa? Yi Hausa." Cewa yake a rufe shi.

A asibiti aka sa masa ƙarafa a gwiwa, aka ɗaure haƙarƙari. 'Yan sanda sun zo, lauyoyi sun zo, kowa ya ji wa kowa ciwo, aka sasanta. Longji bai bi ta kan ko ɗaya ba. Da ɗakin ya zama daga shi sai Christy, ya gaya mata komai, tun daga dandali har gindin dutse. Ta saurare shi har ƙarshe tana murza zoben hannunta.

"Shekara nawa muna kwana ɗaki ɗaya, Baban Ƙauna?"

"Da yawa."

"Kai ne mai karanta mana cewa wanda ke cikinmu ya fi wanda ke cikin duniya girma. Ashe da baki kake karantawa."

"Na gaskata, Maman Ƙauna. Ƙafar ce ba ta gaskata ba." Ya dubi silin. "Ba zan ci sabuwar dawa ba."

"Wace dawa? Ka ga gonar dawa a Wendover?"

Wannan tambaya ita ta fi damunsa da ya koma gida. A ƙauye mutum yakan leƙa gona ya san saura nawa. A nan ba abin da zai leƙa. Ganye ya yi ja ya zube, sanyi ya shigo, shi yana zaune a kujerar da ke fuskantar ƙofa, ƙafa a miƙe a kan matashi, yana lissafin daminar da ba ya gani. Yanzu ta fitar da kai. Yanzu tsuntsaye sun fara sauka. Ya koya wa Christy duba man mota da canza fis. Ya kira Ƙauna daga makarantarta a Charlotte ya yi ta yi mata nasiha har ta ce da Turanci yana ba ta tsoro. Fasto ya zo da dattawa suka ɗora masa hannu, ya ce amin da ƙarfi, suna fita ya mai da ido ƙofa. In motar shara ta buga kwandon ƙarfe a waje, sai ya dafe ƙeyarsa.

Fim ɗin ya fito wata Asabar da rana. Mamane ya zo da matarsa da soyayyen nama, yana nuna kansa a duk inda aka kashe shi. "Ga ni nan kuma. Vraiment, wannan masuncin ya fi mai gadin iya mutuwa." Sai aka zo ƙarshe. Ba su sake ɗauka ba, ainihin abin suka sa: haƙoran a tafin hannu, dukan gwiwar, tsayuwar ƙafa ɗaya. Sun duhunta shi ya zama dare, sun ɗora kiɗa da rurin kwamfuta a inda Longji ya yi shiru. Matar Mamane ta rufe ido. Longji ya kalla har aka gama. Bai taɓa ganin dodo daga waje ba tun ranar Nanven. Abin da ya gani wani mutum ne a cikin koriyar roba, zif ɗin bayansa na ƙyalli, ana dukansa har ya faɗi.

Bayan Kirsimati wata 'yar zumuntar mata ta cocinsu ta dawo daga Jos. Christy ta je har gidanta ta karɓo ƙullin garin dawa. Ta tuƙa tuwo ja, ta yi miyar kuka, ta ajiye masa a kan ƙaramin tebur, ta jawo kujera ta zauna a gabansa.

"Ta bana ce. A gabanta aka sussuke, a gabanta aka niƙa. Wanke hannu."

Ya dubi tuwon. Ƙamshin ya kai shi tsakar gidansu.

"Maman Ƙauna..."

"In mutuwa ce ka mutu a gabana, na san lambar da ake kira. Na gaji da zama da gawa mai numfashi. Ci."

Ya gutsura, ya dangwala, ya kai baki. Ya haɗiye ya jira. Firij na ta gurnaninsa, yaran bene na sama na guje-guje. Ya sake gutsura. Ya cinye malmalar, ta ƙara masa, ya cinye yana hawaye. Ya kwana, ya tashi, ya sake kwana ya tashi. Christy ta shiga wanka tana rera waƙar yabo har maƙwabta na ji.

Shi kuwa murnarsa ba ta daɗe ba. Yana zaune sai hannuwansa suka tuna nauyin kan Nanven. Ya sha ganin wanda ya faɗo daga dutse, goshi ne ke fashewa, da tafin hannu, da gwiwa. Nanven goshinsa lafiya lau. A wuyan hannunsa kuma akwai shatin igiya, Longji ya gani a lokacin, ya kau da ido, don an riga an ce dodo ne ya yi.

Ya ɗauki waya ya kira wani jikan gidan, ya ce a kai wa Baba Ƙarami. Tsohon ya kusa ɗari, amma muryar ba ta tsufa ba. Suka gaisa da yarensu, aka tambayi sanyi, aka tambayi ƙafa.

"Baba, ba a sito na ji ciwon nan ba. Na shiga rigar dodo a nan, ta Turawa, ta wasa. Na faɗi a gaban mata. An cire mini kai."

Ana jin zakara a bayan tsohon.

"Ka yi takun?"

"Na yi. An nuna a talabijin."

"Akwai namu a wurin da ka faɗi?"

"Babu. Daga ni sai wani Banijare. Baba, na ci sabuwar dawa, ga ni da rai."

"To ai shi ke nan," in ji tsohon. "Tun da babu namu a wurin."

Longji ya matse wayar har yatsunsa suka yi ciwo.

"Ranar Nanven fa? Akwai namu a wurin?"

Tsohon ya ce, "Yaran yanzu kowa da waya a hannu, abin da aka nuna a can ba ya daɗewa bai iso nan ba. Mu da muka rage ba mu da yawa, amma ba mu ƙare ba. Kada ka zo gida bana, ɗana. Baɗi ma kada ka zo. In na mutu ka aiko da saƙo, ya isa."

"Baba, kai ka riƙe igiyar ko dutsen?"

"Ka gai da matarka," in ji Baba Ƙarami, ya miƙa wa yaron wayar.

Christy ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tarar da shi da waya a cinya. Ta ce dama tana so ta gaya masa, ta fara duba tikitin Ista, tun da ya warke sai su je a yi godiya a cocin ƙauye, mutane su gan shi da idonsu.

"Bar tikitin," ya ce. "Zauna, akwai sauran labarin Nanven."